Shekarata 47, Na Gaji Da Aikin Abuja: In Ajiye In Koma Gona?

Assalamu alaikum Malam, dan Allah a sakaya sunana. Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a wata ma'aikata a Abuja, shekarata 47, na fara aiki a 2005, yanzu ina mataki na 14 kuma na daɗe a kansa, na zauna jarrabawar ƙarin girma na ci amma aka ce babu gurbi. Iyalina suna Zariya, mata ɗaya da yara biyar, babbar tana aji biyu a jami'a. Ni kuma ina ɗaki ɗaya a Mararaba, Juma'a in kama hanya Lahadi da yamma in juyo, wani lokacin ma sai bayan sati biyu saboda kuɗin mota. Maganar gaskiya Malam na gaji. Tunda aka kawo mana sabon darakta aka kwashe duk wani aiki mai ma'ana daga teburina, in zo in sa hannu in zauna ina latsa waya har la'asar, har zuciyata ta fara raya min anya albashin nan halal ne kuwa? Ga hawan jini, likita ya ɗora ni kan magani. Abin da ke shigo min a wata bayan an cire bashin kwafaratib bai wuce dubu 300 ba, a asusun fanshona kuma akwai kamar miliyan 12. Muna da gonar gado a wajen Soba, tunda mahaifinmu ya rasu ba a raba ba, ƙanena ne ke nomawa. Niyyata in ajiye aiki ƙarshen shekarar nan in karɓi kuɗina in koma noman masara da waken suya, in haɗa da kiwon kaji. Uwargida ta ce sam bata yarda ba har da kukanta, don mahaifinta ya sha wuya bayan ritaya. Hajiyarmu kuma ta ce in yi haƙuri ba a sakin aikin gwamnati. Abokaina na cewa in fita tun da sauran ƙarfina. Me ka gani? Naka, wani ɗan'uwa daga Zariya.

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ƙara lafiya, ya jiƙan mahaifinku. Na san da yawa in suka karanta wasiƙarka abin da zasu fara cewa shi ne wannan ya samu wuri, ga masu digiri nan suna yawo da takardu a leda shi kuma yana mataki na 14 yana cewa ya gaji. Kar wannan ya dame ka. Mutumin da ya shekara ashirin yana bin hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya, hanyar da aka fara aikinta a 2018 aka yi shekaru ana karkatar da motoci hannu ɗaya, ya ga lokacin da mutane suka gudu daga titi suka koma jirgin ƙasa saboda masu garkuwa, sannan jirgin ma aka kai masa hari a watan Maris na 2022, ga cunkoson Nyanya da Mararaba kullum safe da yamma, in ya ce ya gaji gaskiya ya faɗa. Kuma zaman da kake yi a ofis babu abin yi ɗin nan, wanda bai taɓa shi ba zai ɗauka hutu ne, alhali yana cin mutum a hankali, ka tashi da asuba ka sha hayaƙin mota awa biyu don kawai ka je ka zauna a nuna maka ba a buƙatarka.

Duk da haka ga amsata tun kafin mu yi nisa: kar ka ajiye aiki a ƙarshen shekarar nan. Ba kuma ina nufin ka lallaɓa har ka kai 60 ba, wannan shekara 13 ke nan, ni ban ga kana da ƙarfin zuciyar da zai kai ka can a yanayin da kake ba. Abin da nake so ka sa a gaba shi ne shekara 50, kuma abin da ya kai ni can wata 'yar jimla ce a wasiƙarka, inda ka ce zaka ajiye ka karɓi kuɗinka.

Wane kuɗin? Tunda a 2005 ka fara aiki, a tsarin fansho na karo-karo kake kacokan, wanda aka fara a 2004 aka sake dokarsa a 2014, ana cire kashi 8 daga albashinka gwamnati ta ɗora kashi 10 a tura asusunka wajen kamfanin fansho, wato PFA ɗinka. Kuɗin naka ne ba musu, sunanka ne a jiki, amma doka ta kulle shi har sai ka cika shekara 50. Wanda ya bar aiki kafin nan, in ba likitoci ne suka tabbatar rashin lafiya ta hana shi aiki ba, abin da zai iya taɓawa kashi 25 cikin 100 ne kawai, shi ma sai ya yi wata huɗu a zaune bai samu wani aikin ba. Toh kashi 25 na miliyan 12 miliyan 3 ne. Gidan da ke cin dubu 300 a wata, miliyan 3 wata goma zata yi masa, kuma wannan baka sayi buhun taki ko ɗaya ba, baka biya kuɗin makarantar 'yar jami'a ba, kwafaratib basu karɓi ragowar bashinsu ba, kuma wata huɗun farko ba albashi ba fansho. In ka fita a Disamba, masarar da zaka shuka a Yuni sai wajen Oktoba zata zo gida, kaga kenan kuɗin zai ƙare kafin ka ga amfanin gona na farko, ko kuma ka zuba shi a gona a rasa na cefane. Abokanka da ke cewa ka fita, ka tambaye su ko sun san wannan.

A shekara 50 ƙofar tana buɗewa, zaka iya yin ritaya da kanka a ba ka wani kaso a dunƙule, sauran kuma a riƙa biyanka wata-wata, ko dai PFA ɗin ya ci gaba da juya kuɗin yana tsakuro maka, ko ka sayi fanshon har-abada a wajen kamfanin inshora wanda zai biya ka muddin kana raye. Amma ko nan ɗin ma kar ka sa rai da yawa. Yi lissafin 'yan kasuwa kawai, miliyan 12 in aka raba ta a shekara 25 dubu 40 ne a wata. Eh ribar da ake juyawa zata ɗaga shi, shekara ukun da zaka ƙara ma zasu ɗaga shi, amma duk abin da ka karɓa a dunƙule daga cikinsa zai fita, kuma wanda ya fita a 50 ana shimfiɗa masa kuɗin a shekaru masu yawa fiye da wanda ya fita a 60, don haka na watan ya fi ƙanƙanta. Mafi ƙarancin albashi ma tun Yulin 2024 dubu 70 ne. Sannan ka tuna abin da naira ta gani a gabanmu, a 2023 aka cire tallafin mai aka saki naira, dala da ke ƙasa da 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500, hauhawar farashi ta wuce kashi 34 a ƙarshen 2024. Mai albashi ko ba komai ƙungiyar ƙwadago na yi masa ihu a ɗan ƙara masa, ɗan fansho kuwa muryarsa bata kai nan ba. Abin da nake so ka fahimta, fanshon nan ko a 50 ɗin kuɗin magani ne da wuta da ɗan cefane, gonar ce zata riƙe gidan, shi ya sa dole a gwada ta tun albashi na shigowa.

Cikin watan nan ka ɗauki rana guda ka je ofishin PFA ɗinka da ƙafarka, kar ka tsaya ga saƙon da suke turowa a waya. Ka ce su buga maka cikakken bayanin asusunka tun daga 2005, ka bi shi wata-wata, don ana samun watannin da aka cire a albashi ba a tura ba, kuma bin wannan yana da sauƙi kana cikin aiki, in ka fita sai ka zama mai roƙo a ƙofar ofishin da ka bari. Ka duba sunanka da ranar haihuwarka sun yi daidai da na NIN da na fayil ɗinka na ofis, harafi ɗaya na iya riƙe mutum watanni. Sannan ka ce su lissafa maka a rubuce nawa zaka samu in ka fita a 50, nawa a 55, nawa a 60, takardar nan zamu yi amfani da ita a gaba. Tunda na ga kai mai kula da halal ne, ka tambaye su asusu na shida, wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, tun 2021 aka fito da shi kuma mutum na iya neman a mayar da shi can.

Yanzu gona. Ka ce muna da gona, baka ce ina da gona ba, kuma nan ne na fi jin tsoro fiye da maganar fansho. Gonar da ba a raba ba ta magada ce gaba ɗaya, Hajiya na da tumuninta a ciki, 'yan'uwanka mata na da rabonsu ko da sun yi shiru shekara da shekaru, ƙanenka kuma da ke nomawa da ita yake ciyar da nasa iyalin, shi ya san inda ruwa ke kwanciya da inda ƙasa ta gaji, shi ya riƙe ta lokacin da kake Abuja. Ka sa kanka a matsayinsa, yaya ya sauko daga birni da miliyoyinsa ya ce daga bana ni zan noma, me zai ji? Ba zai faɗa maka a fuska ba saboda girmanka, amma matarsa zata faɗa wa wata, kafin ka ankara zumunci ya tsage a kan abin da ba a zauna an yi magana ba. Ka fara zama da shi ku biyu kafin kowa, ka gaya masa tunaninka ka ji nasa, sannan ku kira malamin da ya san rabon gado a fitar wa kowa haƙƙinsa a rubuce da shaidu. Bayan an raba, in 'yan'uwa mata sun yarda ku haɗa ku noma musu bisa wani kaso ko ku karɓi haya, wannan daban, amma kowa ya san iyakarsa. Zai yiwu ma in an raba ka ga abin da ya zo hannunka bai kai girman da kake hange daga Mararaba ba, gara ka san haka yanzu.

Noman kansa kuma, ban ce ba a samu ba, ƙasar Soba da Saminaka da Giwa ai masara ce ta gina gidaje da yawa a can. Sai dai wanda ya ga farashin hatsi a 2024 ya ɗauka haka abin yake kullum ya ruɗi kansa, gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da masara da shinkafa da alkama ba haraji na wani lokaci, zuwa 2025 farashi ya faɗo taki kuma bai sauko ba, manoma da yawa da suka ci bashi suka zuba da ƙyar suka mayar da uwar kuɗi. Masu citta a kudancin Kaduna cuta ta shafe musu gonaki a 2023, masu tumatir sun san tsutsar da suke kira Sharon tun 2016. Manomin da ya gada yana jure shekara mara kyau don yana da awaki da ɗan rumbu da ƙaramin buri, kai kuwa kana da 'yar jami'a da huɗu a bayanta. Kaji ma haka, mafi yawan kuɗin a abinci yake tafiya, masu ƙwai sai sun yi wajen wata biyar kana ciyarwa kafin ka ga ƙwai ɗaya, in murar tsuntsaye ta shigo kuwa a kwana kaɗan an gama.

Ga inda Allah ya taimake ka. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na biyar inda aka zayyana ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko wata sana'a ta kansa, amma ya cire noma ƙarara. Kenan abin da kake son ajiye aiki dominsa doka ta ba ka dama ka fara shi kana cikin aikin, ba ɓoye-ɓoye. Daminar nan mai zuwa ka ɗauki kadada ɗaya ko biyu, kar ka wuce abin da in ya lalace gaba ɗaya gidanka ba zai girgiza ba, ka noma da kuɗinka, ka ɗauki hutun shekararka lokacin shuka da sa taki ko lokacin girbi, ka sayi littafi ka rubuta komai, haya, huɗa, iri, taki, maganin feshi, 'yan ƙwadago, kuɗin motarka na zuwa dubawa, buhunan da ka ba 'yan'uwa, zakka, har abin da ƙanenka ya yi maka kyauta ka sa masa farashi, don ranar da ka koma gaba ɗaya ba kyauta zai ci gaba da yi ba. Yawancin ma'aikatan da ke cewa noma ya karɓe su basu taɓa rubutawa ba, albashi ne ke toshe ramin basu sani ba. Kuma kai ɗan Zariya ne, cibiyar binciken noma ta IAR da ta wayar da kan manoma NAERLS suna Samaru, ta dabbobi NAPRI tana Shika, mutane na tasowa daga jihohi masu nisa don neman ingantaccen iri da shawara a wuraren nan, kai kuɗin Keke Napep ne tsakaninka da su. Damina uku kake da su kafin ka cika 50. In littafin ya nuna a biyu daga ciki ribar gona, bayan an cire komai, ta kai ta riƙe gidan wata shida zuwa takwas, ka samu hanya. In bai nuna ba, ka yi asarar kuɗin kadada biyu ne kana da aikinka a hannu.

Sai mu dawo kan gajiyar, don shekara uku ba kwana uku ba ce, ba zan ce ka koma teburin nan ka ci gaba da latsa waya ba. Da na sake karanta wasiƙarka ban ga inda ka ce ka tsani aikin ba. Ka ce an kwashe maka aiki, ka ce hanya, ka ce ɗaki ɗaya, ka ce an hana ka girma. Wanda ya tsani aikinsa murna yake in an rage masa, kai kuwa ciwo ka ji, wannan ya nuna min har yanzu kana son a ce kai ne ka iya abu kaza. Toh waɗannan duk suna da magani da bai kai ajiye aiki ba. Ma'aikatu da hukumomin tarayya da yawa suna da ofis a jihohi, ka bincika ko taku na da shi a Kaduna ko Zariya ko Kano ka rubuta neman canjin wuri, ka haɗa da takardar likita ta asibitin gwamnati, mutane da yawa rububin zuwa Abuja suke yi don haka mai neman fita wani lokacin ya fi samun sauƙi. In babu, akwai tsarin ba da aron ma'aikaci ga wata hukuma na 'yan shekaru, Kaduna da Zariya cike suke da cibiyoyin tarayya. Ranar da ka koma kwana a gidanka, kuɗin hayar Mararaba da na mota da na abincin waje sun dawo aljihunka, wannan kaɗai ya fi ƙarin girman da kake jira.

Shi kuma darakta, ban san shi ba, kuma ɓangarenka kawai na ji. Zai yiwu mugunta ce, zai yiwu ya zo da mutanensa da ya saba da su, zai yiwu kuma wani ya kai masa maganarka tun kafin ya san fuskarka, kai kuma ka ja jiki ka yi fushi shi ya fassara shirun da girman kai, a ofis irin wannan na faruwa kullum. Ka taɓa shiga ka same shi shi kaɗai? In baka taɓa ba ka shiga, ba da ƙorafi ba, ka ce ranka ya daɗe ina da lokaci a hannuna kuma na daɗe a sashen nan, ga aiki kaza da na ga ya kwanta ina so a ba ni. In ya ba ka, alhamdulillahi. In ya hana, ka samu hujjar neman canji, ka ma roƙe shi ya sa maka hannu. Kuma darakta ba ya dawwama, ana canja su, dokar aiki ma ta yanke musu shekara takwas a kujerar. Kar ka yanke hukuncin da zai bi ka har tsufa saboda mutumin da wataƙila baɗi ba ya nan.

Maganar halal ɗin albashi, ka kai ta ga malamin da ka yarda da iliminsa, amma ga yadda nake kallonta. An ɗauke ka ne ka ba da lokacinka ka yi abin da aka sa ka, kana zuwa, baka ƙi aiki ba, ka ma nema, wanda ya hana ka shi zai amsa tambaya. Inda zaka shiga matsala shi ne in ka fara zamewa Laraba ka tafi gona wani na sa maka hannu, wannan kam kar ka fara, duk yadda ka ga wasu na yi.

Uwargida kuma, dan Allah kar ka ɗauki kukanta a matsayin son kuɗi ko rashin goyon baya. Yarinyar da ta tashi ta ga mahaifinta yana zarya da fayil a hannu ana ce masa ya dawo wata mai zuwa, kalmar ritaya a kunnenta ba hutu take nufi ba. Kuma ka tuna ita ma ta yi shekarun nan tare da kai, ita ke kai yaro asibiti da tsakar dare kana Mararaba, ita ke fuskantar mai shago in wata ya yi nisa, duk ta jure ne bisa cewa ƙarshen wata akwai abin da zai shigo. Ina zargin ma yadda ka kawo mata maganar ne, ka dawo a gajiye ranar Juma'a ka ce ni fa na gama ajiyewa zan yi. Wa zai ji haka bai firgita ba? Wannan karon ka zauna da ita da takardar PFA da lissafin gidan, ka ce na fasa na bana, ga abin da nake so mu gwada, ga sharaɗin da in bai cika ba ba zan fita ba, kuma ki faɗi naki sharaɗin. Ka gaya mata maganar hawan jinin da yadda kake ji a ofis dalla-dalla, maza da yawa basa faɗa sai dai a ga suna faɗa a gida. In tana da sha'awa, kajin ma su zama nata, a fara da ɗari na nama a bayan gida, sati shida zuwa takwas an sayar an ga lissafi, ita ke gida ita zata fi kula, ribar kuma tata. In bata so kar ka ɗora mata, aikin da ke kanta ya isa.

Hajiya a zamaninsu ta gina maganarta, lokacin da ɗan fansho ke karɓar abin da zai riƙe shi, kuma tsoron uwa ne kar ɗanta ya wulaƙanta. Ba sai ka yi mata lissafin kashi-kashi ba, ka ce Hajiya na ji maganarki na dakata, zan fara noma ina aiki, ki sa min albarka. Ita ce ma zata fi taimaka maka a maganar rabon gado in ta gane ba rigima ka zo da ita ba. 'Yar jami'a kuwa nan da shekara uku ta gama ko tana dab, nauyi ɗaya ya sauka, duk da dai ka san abin da ke biyo baya, kayan ɗaki ba wasa ba ne a wannan zamanin, shi ma ka sa shi a lissafi. Ka kuma yi ƙoƙari bashin kwafaratib ya ƙare kafin lokacin, kar ka sake ɗaukar sabo sai dai na gona, kuma duk wata ka ware wani abu ko yaya yake a inda hannunka ba zai kai da sauƙi ba, burin shi ne ranar fita kana da abincin shekara guda wanda ba fansho ba ne ba kuma jarin gona ba.

Lafiyarka ita ce abin da zai iya rushe duk wannan tsarin, don haka kar ka yi wasa da magani, ka sayi na'urar awo ka ajiye a ɗaki, kar ka daina sha don ka ji sauƙi. Ka kuma sani inshorar lafiya ta NHIA da ke rage maka kuɗin asibiti kai da uwargida da yara huɗu 'yan ƙasa da 18 da aikin take tafiya, kafin ka fita ka tambayi yadda zaka ci gaba da biya da kanka, ko ka duba ta jihar Kaduna wato KADCHMA. In kuma likita ya dube ka ya ce zirga-zirgar nan na neman kai ka ƙasa, ko ka ga baccinka ya ƙaurace, ko ka fara jin rayuwar ma bata da daɗi, toh maganar jira ta canja, a nan zan ce ka nemi hutu ba albashi ka dawo gida ka huta tukuna, dokokin aiki sun tanadi hakan in an amince, kujerarka na nan, in kuma abin ya kai ga ritaya bisa rashin lafiya wannan hanya ce daban da doka bata sa mata sharaɗin shekara 50 ba.

Duk ranar da ka tashi fita, ko a 50 ko kafin nan, ka fita ta ƙofa. Ka rubuta takardar sanarwa wata uku kafin lokaci, ka jira amsa a rubuce, ka miƙa duk kayan gwamnati a sa maka hannu, ka tambayi sashen ma'aikata duk wani haƙƙi da ya hau kanka har da kuɗin asusun gidaje da ake cire maka, don PFA ba zasu saki ko kwabo ba sai sun ga takardar amincewa da ritayarka, wanda kuma ya ɗauke ƙafa kawai don fushi korarre ake rubuta shi. Ka yi istihara kafin ka zauna da ƙanenka, in ka karɓo lissafin PFA kuma ka sake rubuto min mu duba shi tare. Allah ya ba ka lafiya, ya zaɓa maka abin da ya fi alheri, a gaida Hajiya da uwargida.